Kwamfutar da Zakari Mailafiya Ya Hana a Taɓa

Duk wanda ya san kasuwar Gadarif ya san layin da ke gangarawa kotu, inda masu rubuta wa mutane takardun ƙara suke zama. Ardahalji muke ce musu. A da su bakwai ne a gindin darbejiya, yanzu saura uku, kuma a cikin ukun Zakari Mailafiya ne kaɗai ke da shago mai ƙofa. Shagona yana manne da nasa. Bango ɗaya ya raba mu, shi ma na kwano, in ya yi atishawa ni ke ce masa yarhamukallah. Sunana Omer, gyaran kwamfuta nake yi, shekara ashirin da ɗoriya. Ina da saurin baki, ina da saurin hannu, kuma na biyun ne ya ja mini abin da zan faɗa muku.

Kakan Zakari da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji. Ya tsaya a Ƙala'at an-Nahal ya yi noman damina ɗaya don ya sami guzuri, damina ɗaya ta zama arba'in. A can aka haifi Zakari, cikin dawa da riɗi. Da manomi zai zama kamar kowa a gidansu, sai dai yana ɗan shekara goma sha biyar ya faɗo daga bayan tarakta, ƙafar hagu ta warke a karkace. Ubansa ya ce wanda ba zai iya bin kunyar gona ba sai ya bi layin takarda. Aka turo shi gari wurin wani ɗan'uwa, ya ƙarasa makaranta, ya sami tebur da kujera a gindin bishiya.

Aikinsa ba rubutu ne kaɗai ba. Manomi zai zo daga Basunda ransa a ɓace, ya zazzage maganar iyakar gona da Hausa, ya haɗa da zagi da rantsuwa da tarihin kakanni. Zakari zai saurara har mutumin ya gaji, sannan ya fitar da layi goma na Larabcin kotu, tsaf, babu zagi ko ɗaya. Da alƙalami ya fara, ya koma tafireta, a shekarar 2009 ya sayi kwamfuta ta hannu. Ni na zuba masa Windows, na kwafi, irin wanda kowa ke zubawa a lokacin, don takunkumin da ke kan ƙasar bai bar mu mu sayi na asali ba ko da muna so.

Daga nan muka shiga uku ni da shi. Kowane mai ƙara da filas ɗinsa, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi takardu, kowane filas da cutarsa. Ba a wata biyu sai Zakari ya turo ƙofata, kwamfuta a hammata, yana cewa takardunsa sun ɓace. Mu kuwa a kasuwar nan maganinmu ɗaya ne, farmata, wato a share komai a sake zubawa. Kwamfuta ta yi nauyi, farmata. Ta ƙi buɗe hoto, farmata. Wallahi da mutum zai kawo mana ciwon haƙori da farmata za mu rubuta masa. Haka muka koya, haka muke yi, kuma galibi yana yi mana aiki.

Zakari da matarsa Haliima sun haifi huɗu, Allah ya bar musu ɗaya, Raniya. Yarinya ce siririya mai wushirya, ba ta da hayaniya, amma in ta kafe a kan magana ko jaki ya san ya sami ubangida. Ilimin kwamfuta ta karanta a jami'a. Wata Asabar a 2015 na buɗe shago na ji ba a kira ni ba, alhali na san jiya kwamfutar ubanta ta sake kwanciya. Na leƙa. Ga ta zaune a kujerarsa, allon ya canza kala, shi kuma yana tsaye a bayanta ya riƙe baki.

Ta ce, “Ammu Omer, daga yau ka huta da Baba.” Ammu take ce mini, wato baffa.

Na ce, “Me kika zuba mata?”

“Linux.”

“Wane ne kuma Linux? Ɗan wane gida ne?”

Ta yi dariya ta ce ba na gidan kowa ba ne. Mutane ne a ko'ina cikin duniya suka haɗu suka gina shi, kowa ya kawo abin da ya iya, kuma sun bar shi a buɗe, duk mai so ya duba cikinsa, ya gyara, ya ba wani, ba sata ba ɓoyo. Ta ce kamar gayyar yankan riɗi ce a ƙauyen kakanta.

Na ce, “To madalla. Abin da aka gina da gayya, in ya rushe wa za ki kama?”

Ta ce, “Wanda kake zuba masa, Ammu, duk wata biyu yana rushewa. Wa ka taɓa kamawa?”

Zakari ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Na koma shagona ina cewa za mu gani, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Gaskiya ɗaya ce, ko ba ta yi mini daɗi ba. A watan farko na yi ta murna, don firinta ta ƙi aiki kwana huɗu sai da Raniya ta yi ta bincike. Takardun da lauyoyi ke aikowa daga ofisoshinsu wani lokaci sukan buɗe a karkace, layi ya hau layi, Zakari ya zauna yana daidaita su yana tsaki. Akwai wani fom na wata ma'aikata da ba ya buɗewa sam sai a kwamfutata, in ya ɗingiso ya shigo da shi nakan ce, “Ina 'yan gayyar? Sun tafi cin tuwo?” Amma cutar filas ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Tsohuwar na'urar da a da sai ka shanye kofin shayi kafin ta farka, ta koma tashi kafin sukari ya narke. Rubutu, bugawa, hoton takarda, sauraren karatu, duk abin da ardahalji ke buƙata tana yi. Shekara ta wuce, biyu ta wuce, ban ga kwamfutar Zakari a kan teburina ba.

A 2019 Raniya ta sami aiki a wani kamfani a Hartum. Damuwarta ɗaya ce, in abu ya cije wa ubanta babu wanda zai tambaya, don duk kasuwar babu wanda ya san tsarin nan, ni kuma ta san maganina. Ta ce za ta rubuta masa bayani a takarda. Ya ce a'a, shi da ke rubuta wa mutane ya san takarda ba ta amsa tambaya, kuma rabin kalmomin Ingilishi ne. Sai ta samo wata dabara. Kwana uku ta yi a shagon tana naɗar muryarta, matsala ɗaya, murya ɗaya, da Hausa irin ta gida. Ta tara su a jaka guda a kan allo ta sa mata suna “Tambayi Raniya”. Talatin da huɗu ne. “In firinta ta ƙi.” “In rubutu ya juya hagu.” “In filas bai fito ba.” “In wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki.”

Ta bangon kwanon nan na haddace wasu ba da niyya ba. Ta firinta takan fara ne da cewa, “Baba, kar ka buge ta, ba jaka ba ce. Duba wayar baya tukuna.” In ya kunna sai in ji yana amsa mata, “To, to, na ji, uwata.” Da ma haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ne aka ɓoye mata da Raniya.

Sai yaƙi ya tashi a Hartum cikin azumin 2023. Makonnin farko tana kira, tana cewa suna lafiya, ruwa ne babu. A ƙarshen watan biyar ta kira ta ce gobe za su fito daga Bahri, ɓangaren Hartum da take zaune, tare da maƙwabta, in sun kai Madani za ta sake kira. Ba ta sake kira ba. Zakari ya je tasha ya fi a ƙirga. Ya je Madani da ƙafarsa mai ciwo tun kafin ita ma ta faɗa hannun mayaƙa, ya je Showak don an ce an sauke wasu a can, ya bi makarantun da aka zuba waɗanda suka gudo, aji aji, da hotonta a aljihu. Babu wanda ya ce ya ga gawarta, babu wanda ya ce ya gan ta da rai. Haliima ta hana a yi zaman makoki, shi ma bai nema ba.

Hotuna suna da su. Murya kuwa babu a ko'ina sai a kwamfutar nan, don wayar Zakari 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ba ta ajiye komai. Sai na fara jin “Baba, kar ka buge ta” kowace safiya, alhali firinta lafiyarta ƙalau. Ranar farko bakina ya riga hankalina, na ɗaga murya na ce, “Yaya Zakari, firintar nan kullum sai ta ƙi?” Na ji kunya har cikin ƙashina, ban ƙara ba. Haliima, wadda ta fi shekara goma ba ta taka kasuwa ba, ta fara zuwa ranar Alhamis. Takan zauna a bencin masu ƙara, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ya kunna mata biyu ko uku, ta tashi ta tafi.

Sau biyu ina ce masa ya kawo in kwafe masa muryoyin a filas don tsaro. Ya ƙi. Ya ce filas shi ne jakadan cuta, ya gani da idonsa shekara shida. Ya ce na'urar da ta shekara tara ba ta yi ko tari ba, me zai sa a yi mata ƙaho? Na uku da na matsa sai ya faɗi ainihin abin da ke ransa.

“Omer, kai ɗan'uwana ne, amma hannunka ya fi kanka sauri. Ba mai taɓa ta.”

Na yi fushi kwana biyu, don gaskiya ce.

Cikin daminar 2024 abin ya faru. Wuta ta ɗauke tun safe, wajen sha biyu ta dawo da ƙarfin tsiya. Na ji ƙara ta bango, na ji ƙauri. Kafin in tashi ga Zakari a ƙofata, hularsa a karkace, abin da ban taɓa gani ba.

“Omer, ta mutu. Muryar tana ciki.”

Na buɗe ta a gabansa. Cikinta ya ƙone, amma faifan da ke ajiye komai ban ga alamar wuta a jikinsa ba. Na ce masa ya kwantar da hankali, gida ne ya ƙone, rumbu yana nan. Ya ce duk abin da zan yi in yi a kan idonsa. Ya ja kujera ya zauna. Ina cikin kwance faifan aka kira azahar. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya juyo.

“Kar ka yi komai sai na dawo.”

“Haba Yaya, sai ka ce yaro.”

Niyyata mai kyau ce, Allah shaida. So nake ya dawo daga masallaci ya tarar da muryar 'yarsa tana tashi a shagona, in ce masa to ga hannun da kake zagi. Na haɗa faifan da kwamfutata. Wani saƙo ya fito a allo, wai sai an yi wa faifan nan farmata kafin a iya amfani da shi. Na ga saƙon nan ya fi sau dubu a kan filas ɗin da cuta ta lalata, kuma yadda muke yi a kasuwa sananne ne: ka yi farmata ta gaggawa don faifan ya buɗe, sannan ka saki manhajar dawo da fayil ta kwaso kayan. Ban ma karanta saƙon har ƙarshe ba, hannuna ya danna.

Na saki manhajar tawa. Ta yi ta juyi, ta fito da tarkacen da ba ya buɗuwa. Na sake, haka. A nan ne na gane abin da na yi. Faifan lafiyarsa ƙalau, babu cutar da ta taɓa shi. Kwamfutata ce ba ta iya karanta tsarin da Linux ke jera kayansa ba, shi ya sa ta ce babu komai. Kamar a miƙo mini wasiƙa da rubutun Habashawa, in duba in ce zane ne kawai, in yage in ƙunsa gyaɗa. Shekara tara ina yi wa abin nan dariya ta bango, ban taɓa zama na minti goma na koyi ko wannan ba.

Ya dawo da carbi a hannu. Na faɗa masa a tsaye, ban ɓoye komai ba. Ya dube ni, ya dubi faifan.

“Duka?”

“Duka, Yaya.”

Bai zage ni ba. Wallahi da ya kwaɗa mini mari da na ji sauƙi. Ya fita, na ji yana jan ƙofar shagonsa yana sa kwado da rana tsaka, ga mutum biyu a benci suna jiran takarda. Washegari bai zo ba, jibi ma haka.

A tsallaken layinmu akwai mai shayi, Safaa. Daga Hartum ta gudo Madani, da Madani ta faɗi ta gudo nan da uwarta, suna zaune a wata makaranta. Wata bakwai ina shan shayinta, ban taɓa tambayarta ko sana'ar da ta baro ba. Rana ta biyu ina zaune a kan ɗan kujerarta ina ba wani labarin, ina zagin kaina ina zagin wuta, sai ta ajiye buta ta ce mini da Larabci:

“Ya ustaz, bayan farmatar ka zuba wani abu a kan faifan?”

Na ce a'a.

“Yana haɗe da kwamfuta yanzu?”

“Yana haɗe.”

“Tashi ka cire shi. Yanzu, kafin ka sha shayin nan.”

Yadda ta faɗa ne ya sa na tashi ba gardama. Ashe shekara goma sha ɗaya ta yi tana kula da manyan kwamfutocin wani kamfani, kuma duk da Linux suke aiki. Ta ce farmata ta gaggawa ba ta share kaya, jerin sunayen kawai take yagewa, kayan suna kwance a inda suke muddin ba a taka su da sabo ba. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, wasu za su dawo, wasu ba za su dawo ba.

Kwana biyu muka yi muna sauko da Linux daga intanet, yana yankewa muna sakewa. Ta zuba shi a filas, ta tashi kwamfutata da shi, tawa ta kaina, abin da na rantse ba zai taɓa shiga shagona ba. Ta buɗe wata manhaja ta 'yan gayyar nan, ba hoto ba ado, baƙin allo da fararen rubutu. Muka aro batir daga mai kantin magani don kar wuta ta yanke mana. Tun hantsi take bin faifan taki taki har la'asar. Safaa tana zuwa ta duba ta koma wurin butarta, ni kuwa ko ruwa ban iya sha ba.

Kayan sun dawo, amma babu suna ko ɗaya, sai lambobi. Takardun ƙara na shekara tara, hotuna, karatun Alƙur'ani, duk a cakuɗe. Muka ware masu sauti, muka fitar da na karatu, saura talatin da biyu. Na danna ɗaya na ji “Baba,” na kashe da sauri. Ba ni ya kamata in fara ji ba.

Da safe na tafi gidansa. An kwana ana ruwa, baƙar lakar Gadarif ta cinye mini takalmi ɗaya a hanya, na isa da ɗaya a hannu. Haliima ce ta amsa sallama, ta ce mini sannu, ta kira shi. Na ce, “Yaya, ban zo neman gafara ba tukuna. Ka zo ka ji wani abu.”

Da ya shigo shagona na nuna masa Safaa na ce ita ta yi aikin, daga Hartum take. Kafin ya dubi kwamfuta sai ya sa hannu a aljihu ya fito da hoton.

“'Yata, a wace unguwa kike? Ko kin san wannan? Raniya Zakari, a Bahri take, tana da wushirya.”

Safaa ta karɓi hoton da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, “Ban san ta ba, Ammu. Ka yafe ni.” Ya ce ba komai, ya mayar aljihu. Kowa yake tambaya, ya saba da amsar.

Muka fara. Ina danna lamba, kafin ta gama kalma ta biyu ya faɗi sunan. “In filas bai fito ba.” In rubuta. “In rubutu ya juya hagu.” In rubuta. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Ashirin da bakwai suka fito lafiya, biyu sun yanke a tsakiya. Yana lissafawa da carbinsa, ni ina kallon yatsunsa, don na san wadda yake jira. Ta firinta ba ta dawo ba. Ita da wasu huɗu farmatata ta taka su, sun tafi har abada.

Na ce, “Yaya Zakari…” Ya ɗaga mini hannu. Ya gyara zama, ya dubi bango, ya karanto ta da bakinsa tun daga “kar ka buge ta, ba jaka ba ce” har ƙarshe, da inda take jan numfashi, da inda take dariya. Ya ce wannan tana nan, ba ta buƙatar faifai. Ni dai na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan maɓallan.

Saura uku da ba mu buɗe ba. Ya ce ai lissafinsa ya cika, waɗannan ba nata ba ne. Safaa ta ce a buɗe dai. Ta ce manhajar ba ta san bambancin abin da na share kwanakin nan da abin da wani ya share shekara biyar da suka wuce ba, duk abin da ta tarar kwance take ɗaukowa, kuma faifan babba ne, takardunsa ƙanana, akwai wuraren da ba a taɓa takawa ba.

Ta farko numfashi ne da ƙarar kujera, sai ta yanke. Ta biyu Raniya ce ta fara, “Baba, in allo ya yi duhu,” sai ga wata muryar jaki ta bango tana yi wa wani masifa a kan caja. Muryata ce. Ta fashe da dariya ta ce, “Kai, Ammu Omer ya ɓata mini wannan. Bari in sake.” Zakari ya yi wata irin dariya da ban san sunanta ba. Waɗanda ta naɗa ne ba su yi mata ba ta goge, bai taɓa jin su ba. Shekara ɗaya da wata uku rabonsa da ya ji 'yarsa ta faɗi kalmar da bai riga ya haddace ba.

Na danna ta uku.

“Baba, wannan ita ce ta ƙarshe. In ka gwada duk waɗancan abin bai yi ba, to kar ka wahalar da kanka. Ka kashe ta, ka sa a kawo maka shayi, ka jira ni. Hartum ɗin me? Awa shida ce a mota. Zan zo.” Ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Sannan a hankali, kamar da kanta take magana, ta ce, “A'a, wannan zai sa shi kuka. Bari in goge.”

Safaa ce ta fara fita, ta ce ruwanta yana tafasa. Can na tambaye shi sunan da zan sa wa wannan. Ya ce in bar ta da lambarta, shi ya san ta.

Na haɗa masa wata kwamfutar daga kayan da nake da su. Ban tambaye shi tsarin da za a zuba ba. Ni na zuba Linux da hannuna, Safaa tana tsaye a kaina tana cewa in karanta kafin in danna. Muryoyin yanzu suna wuri uku, ɗaya a cikin akwatin Haliima, kuma shi da kansa ya nemi a yi hakan. Fom ɗin ma'aikatar nan har gobe sai a kwamfutata yake buɗewa, yakan shigo da shi, ni kuma na daina tambayar ina 'yan gayya.

Mutane sukan tambaye ni ko tsarin nan zai yi wa mutum aikin yau da kullum. Nakan ce ya yi wa ardahalji shekara tara bai kwana a shagon gyara ba, kuma ranar da ta ɓaci ba shi ya ci amana ba. Aibinsa a garin nan shi ne in ya kwanta masu maganinsa kaɗan ne, ɗaya tana sayar da shayi, ɗaya ba mu san inda take ba. In za ka zuba shi, ka fara sanin wanda za ka tambaya, kuma ka nisanta shi da mai saurin hannu irina.

Zakari ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa, ko da yake ni ban gama da kaina ba. Yana nan yana rubuta wa manoma ƙararsu. Da safe nakan ji ɗaya daga cikin tsofaffin muryoyin ta bango. Ta ƙarshen ba kullum yake kunna ta ba, sai ranar Alhamis in Haliima ta zo. Shi kuwa tun da can bai taɓa tsallake umarnin Raniya ba. In muryar ta ƙare yakan kashe kwamfutar, ya ɗaga wa Safaa hannu ta kawo shayi biyu, ya jawo kujerarsa bakin ƙofa ya juya ta wajen hanyar tasha.